Amsar Wasiƙunku: "Ba sa aiki sai ina tsaye a kansu"

Assalamu alaikum Baba Malam. Ina rubuto maka daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Auyo. Mahaifina ya rasu shekara biyu da suka wuce, ya bar mana injin casar shinkafa, 'yan'uwa suka ɗora ni a kai saboda ni ne babba a maza kuma na yi difloma. Ma'aikatana goma sha ɗaya ne: dattijon da ke kula da inji, wanda tun ina firamare yake tare da Baba, da yaransa biyu, da masu shanya, da 'yan dako, da yaro mai awo. Damuwata ita ce ba sa aiki sai ina tsaye a kansu. Ranar da na shiga Haɗejia sayen kayan gyara, sai in dawo in tarar rabin aiki aka yi. Shinkafar mutane tana karyewa, masu ita suna ƙorafi. Bayan azumi na ƙara wa kowa kuɗi, suka yi ƙwazo na mako biyu, suka koma gidan jiya. Sai na sa ƙanena ya riƙa rubuta sunan duk wanda ya makara ina yanke masa naira 500. Daga nan mutum biyu suka bar aikin. Shi kuwa dattijon, tun ranar da na yi masa faɗa a kan bel ɗin da ya tsinke, gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Lokacin Baba ba haka suke ba, alhali Baba ko boko bai yi ba, kuma yakan yi kwana uku a Kano aiki bai tsaya ba. Lalaci ne halin mutanenmu, ko raina ni suka yi? In sallame su duka in ɗauki sababbi?

Daga wani mai karatu, ƙasar Auyo, Jigawa.

Wa'alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ka iya riƙe amanar da 'yan'uwanka suka ɗora maka.

Kada ka sallami kowa tukuna. Na karanta wasiƙarka sau uku, kuma duk karatun a wuri ɗaya nake tsayawa, inda ka ce lokacin Baba ba haka suke ba. Injin shi ne, shinkafar ita ce, mutanen su ne. Da lalaci a jininsu yake, da mahaifinka bai isa ya kwana uku a Kano hankalinsa kwance ba. Abu ɗaya ne ya sauya a wurin nan, wato wanda ke zaune a kujerar maigida. Na san maganar tana da ɗaci, amma wanda ya zauna ya rubuto irin wannan wasiƙa gaskiya yake nema, ita zan ba ka.

Akwai wani malamin jami'a a Amurka mai suna Douglas McGregor. A littafin da ya fitar a 1960 ya ce kowane shugaban ma'aikata yana ɗauke da wani zato game da ɗan Adam, ko ya san yana ɗauke da shi ko bai sani ba, kuma daga wannan zato yake tsara komai. Zato na farko ya sa masa suna X: mutum ba ya son aiki, zai kauce masa duk lokacin da ya sami dama, don haka sai an tsare shi, an tsorata shi, an hukunta shi. Na biyu ya kira shi Y: aiki a wurin mutum kamar wasa ne ko hutu, abu ne da jiki ya saba da shi, kuma in ya yarda da abin da ake so a cim ma, shi zai tsare kansa, har ya nemi a ɗora masa nauyi. Abin da ya fi kama hankalina a maganarsa shi ne, zaton maigida yakan haifar da halin da yake zato. Ka ɗauki mutum a matsayin wanda ba ya motsi sai da bulala, ka tsaya a kansa, ka ƙirga masa mintoci, to a hankali zai koyi cewa aikin naka ne, nasa kawai ya kauce wa faɗa. Ranar da ka tafi Haɗejia babu faɗan da zai kauce wa, sai ya zauna. Kai kuma ka dawo ka ce ai ga shi nan, dama na faɗa. Haka abin zai yi ta zagayawa, kowannenku yana ganin hujjarsa a kan ɗan'uwansa.

Ba sai mun je Amurka ba kafin mu gane wannan. Ka taɓa ganin gayya? Mu da muka tashi a ƙauye mun ga samari talatin sun shiga gona da sassafe, babu wanda aka yi cinikin ko sisi da shi, sai fura da tuwo da goro. Makaɗi yana bin su da ganga yana kiran sunan kowa da na ubansa, 'yan mata sun kawo ruwa suna kallo daga bakin gona. Yaron da ubansa ke fama da shi a gandu ya ƙi kammala kunya goma, ranar gayya sai ka ga ya bar sa'o'insa a baya, ƙura tana tashi. Ƙarfin nan dama yana jikinsa. Abin da ya fito da shi, ana ganinsa, ana kiran sunansa, kuma ya san gobe in tasa gonar ce za a zo masa. Duk mai cewa Bahaushen ƙauye malalaci ne bai tsaya bakin gona ranar gayya ba, bai kuma ga masu noman rani a fadamar Haɗejia cikin sanyin Janairu, ƙafa cikin ruwa tun kafin asuba ba.

Bari in ba ka labarin kaina, domin abin da kake yi na yi shi, kuma na ga kuɗinsa. A 1988 ina kula da wata gonar alkama a bakin kogi a ƙasar Ringim. Lokacin ba a ma ƙirƙiro Jigawa ba, sai a 1991, kuma gwamnatin soja ta hana shigo da alkama tun 1987, kowa ya ruga nomanta. Ina da wani bawan Allah mai kula da injin ban ruwa, ya girme ni da kusan shekara ashirin. Kullum da yamma yakan zo ya ce mini, yau inji ya yi tari, ko mai ya yi baƙi a canza. Wata rana lissafin man inji bai cika mini ba, na tara ma'aikata na ce masa a gabansu sayarwa yake yi. Na kulle mai a ɗaki, na ce daga yau aikinka ka kunna ka kashe, sauran nawa ne. Bai ce komai ba. Bayan mako uku, daidai lokacin da alkama ta fara fitar da kai tana tsananin son ruwa, injin ya buga. Kafin a samo kayan gyara daga Kano kwana tara sun wuce, gefe guda na gonar ya ƙone. Na tambaye shi ko bai ji alamar komai ba. Ya ce, "Na ji ƙarar ta canza tun ranar Talata, amma ka ce aikina in kunna in kashe." Daga baya aka gano man da nake nema ta wata 'yar ɓula a gindin duro yake zuba. Na je har gidansa na ba shi haƙuri, ya yafe, amma har na bar gonar bai sake zuwa da yamma ya ba ni labarin inji ba. Har yau in na tuna fuskarsa a ranar da na tara masa mutane, zuciyata ba ta yi mini daɗi.

Shi ya sa maganar dattijonka ta fi komai damuna a wasiƙarka. Mutumin da ya ga ana goya ka, ya ga ranar da aka kai ka makaranta, ka ɗaga masa murya a kan bel, kuma ina kyautata zaton yaransa biyu suna tsaye. Bel ai tsinkewa yake yi, ɗana, roba ce da zare. Shirun nan da ka ga ya yi, shi ne karyewar shinkafarka. Kowa a wannan sana'a ya san shinkafar da ta sha rana fiye da kima tana farfashewa a inji, wadda ba ta bushe ba kuma ba ta casuwa da kyau. Masana suna cewa a casa ta in danshinta ya kai wajen kashi 14 cikin 100, amma irin wannan dattijo ba ya buƙatar na'ura, ƙwaya ɗaya zai sa a haƙori ya gaya maka a kwashe shanya ko a ƙara mata awa guda. Lokacin mahaifinka na tabbata yakan leƙa wurin masu shanya ya ce su tattara. Yanzu da ka nuna masa shi ma ɗan aike ne, me zai kai shi? Abin da aka zubo masa shi zai casa. Sauran ma'aikatan kuma kallonsa suke yi. In sun ga wanda ya shekara ashirin da wani abu a wurin an yi masa haka, kowa ya san matsayinsa.

Anas ɗan Malik, Allah ya ƙara masa yarda, ya yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma, ya ce bai taɓa ce masa ko "uf" ba, bai taɓa ce masa don me ka yi kaza ko don me ba ka yi kaza ba. Bukhari da Muslim duk sun kawo shi. Anas yaro ne lokacin, ɗan shekara goma ya fara, babu yadda za a yi a ce bai taɓa kuskure ba. Mu ba za mu kai can ba, amma aƙalla mu iya jan mutum gefe in za mu yi masa gyara.

Sai maganar kuɗi, wadda ka yi mamakin ƙarin da ka yi bai wuce mako biyu yana aiki ba. Wani masani, Frederick Herzberg, shi da abokan aikinsa sun tambayi injiniyoyi da akantoci kusan 200 a yankin Pittsburgh ta Amurka, suka ce kowa ya ba da labarin lokacin da ya ji daɗin aikinsa ƙwarai da lokacin da ya ji haushinsa ƙwarai. Sakamakon ya fito a 1959. Da mutane ke ba da labarin haushi, abin da suka fi ambata shi ne tsarin kamfani, da halin mai duba su, da yanayin wurin aiki, da albashi. Da suke ba da labarin jin daɗi kuwa, sai suka koma kan wasu abubuwa dabam: wani aiki mai wuya da suka kammala, yabon da aka yi musu, nauyin da aka yarda aka ɗora musu. Daga nan ya ce gyara albashi yana kawar da ƙorafi, amma himma daga wata ƙofa take shigowa. Kamar gishiri ne a miya. In babu shi kowa zai yi magana, in ya ji ba wanda zai ce saboda gishiri ya ƙara loma.

Sai dai a nan ina da ja da masu ɗauko wannan magana su kawo ta ƙauye yadda take. Waɗancan mutane masu albashi ne, cikinsu a ƙoshe. Ɗan dakon da ke ɗaukar buhu a wurinka, in bai samu yau ba gidansa ba a ɗora tukunya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ka san yadda kwanon gero da kuɗin mota suka koma. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira dubu 70 ne, kuma ko da dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, yaranka suna jin labarin a rediyo suna auna nasu. Don haka ka zauna ka lissafa da gaske: abin da kake ba kowa a rana, kwano nawa na hatsi yake saye yau, kwano nawa yake saye lokacin mahaifinka? Mai yiwuwa ƙarin da ka yi bai ma mayar da su inda suke a da ba. Sannan ranar biya ta zama ranar biya. Hadisin da Ibn Majah ya ruwaito cewa a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, kowa ya haddace shi, amma masu ce wa lebura "dawo jibi" sun fi yawa a cikinmu. Yabo a kan yunwa ba ya zama.

Yankan naira 500 ɗin nan ka daina shi daga gobe. Ka kuma ɗauke ƙanenka daga bakin ƙofa. Ka duba yadda abin yake a idonsu: yaron da suka riƙa aika sayen goro, yau shi ke riƙe da biro yana rubuta sunan magidanta. Ko ka taɓa tambayar ɗaya daga cikin masu makarar dalili? A ƙasarku mutum yana da 'yar gonarsa ta rani da sai ya ba ta ruwa kafin ya fito, wani daga ƙauyen da ke nesa yake takowa, wani matarsa ce ba lafiya. Mahaifinka ya san wannan duka ba tare da ya rubuta ba. Ina iya rantsuwa ya san sunan 'ya'yansu, yana zuwa sunansu da jana'izarsu, in damina ta kama yana ba su rancen taki, in salla ta zo akwai yadi. Bayan ambaliyar 2022 da ta ci gonaki a Auyo, ka tambayi mahaifiyarka abin da ya yi wa ma'aikatansa, za ka ji labari. Wannan shi ne tsarin da ya riƙe wurin, kuma ba a ga shi a takarda ba shi ya sa da ka karɓi ragama ka zaci babu tsari.

Kada kuma ka ɗauka ina cewa ka saki komai ka zama maigidan da ba ya iya cewa a'a. Shi kansa McGregor ya shugabanci wata kwaleji mai suna Antioch daga 1948 zuwa 1954, kuma da zai sauka ya amsa cewa ya shiga da tunanin zai iya zama mai ba da shawara kawai ya kauce wa zama shugaba mai yanke hukunci, sai ya gano ya yi kuskure. Dukiyar nan ta marayu ce da iyayenku mata, za a tambaye ka. Mutane kuma ba ɗaya ba ne. A cikin goma sha ɗaya ba mamaki a sami ɗaya da ko me ka yi masa ba zai gyaru ba, ko mai ɗan hali da ke rage kwano a buhun mutane. A Suratul Ƙasas, aya ta 26, 'yar dattijon Madyana ta ce wa mahaifinta mafi alherin wanda za ka ɗauka aiki shi ne mai ƙarfi amintacce. Ƙarfi da amana, duka biyun ake nema. Amma hanyar gane marar amana ita ce awo da rubutu. Buhu nawa ya shigo, na wane ne, kwano nawa ya fita, ɓuntu da dusa ina suka tafi, man inji lita nawa aka sha. A rubuta a gaban mai kaya, kowa yana gani. In lissafi yana fili, mai gaskiya ya huta da zargi, ɓarawo kuma zai fito da kansa, sai ka sallame shi shi kaɗai ba tare da ka ɓata wa mutum goma rai saboda shi ba. A wannan aikin na rubutu ƙanenka zai yi amfani, ka mayar da shi can.

Ga abin da zan yi in ni ne kai. Da daddare bayan isha'i in tafi gidan dattijon, ba a wurin inji ba, ba kuma aike ba. In tafi da goro, in durƙusa in gaishe shi yadda nake gaishe shi lokacin Baba na da rai, in ce Baba na yi kuskure a yafe mini. Kada ka haɗa da "amma". Sannan ka tambaye shi abin da ke karya shinkafar, ka yi shiru ka saurara ko da abin da zai faɗa ya shafe ka. In ya huce, ka danƙa masa inji da shanya gaba ɗaya, ka faɗa a gaban kowa cewa daga yau maganar busuwa da lokacin casa tasa ce, kai ma ba za ka tsallake ta ba. Kuma ranar da ya ce a dakata da casa alhali mai kaya yana gaggawa kana ganin kuɗi, ka bi maganarsa, domin a ranar ce sauran za su gane ko da gaske kake.

'Yan dako ka daina ƙirga musu lokaci, ka koma jinga da su, buhu kaza kuɗi kaza, su zaɓi babba a cikinsu ya tsara wa kowa layi. Masu shanya da yaran inji kuwa kada ka biya su da yawan buhu kaɗai, in ka yi haka za su yi ta tura shinkafa ko ta bushe ko ba ta bushe ba. Ka ware wani abu duk mako da babu mai kayan da ya dawo da ƙorafi, a raba musu tare, domin ingancin aikin na hannu da yawa ne. In wata mai sayar da shinkafa ta zo ta ce casar bana ta yi kyau, kada ka karɓi godiyar kai kaɗai, ka kira wanda ya yi ka ce ga mai aikin nan. Yaba kyauta tukwici, ba ka kashe ko kwabo ba. Su kuma biyun da suka tafi, ka aika a tambayo dalili. Ko ba su dawo ba, abin da za su faɗa ya fi abin da masu nan za su iya faɗa maka ido da ido.

Ka tambaya ko raina ka suka yi. Wataƙila akwai ɗan wannan, ido ai wanda yake gani kullum yake rainawa, kuma sun san ka tun kana yawo ba wando. Amma ina ganin kai ne ka fara jin tsoron za su raina ka, shi ya sa ka shigo da ɗaure fuska da takarda da tara, don ka nuna ka isa. Girman da mahaifinka ya samu a wurinsu shekaru ya yi yana tara shi, kuma ba ya cikin abin da aka raba muku gado. Diflomarka tana da amfani, za ta taimake ka a lissafi da neman kasuwa da sanin injin cire tsakuwa da ya dace ka saya nan gaba. Abin da ba ta ba ka ba yana wurin dattijon nan da mahaifiyarka, kuma duka biyun suna raye.

Kada ka sa ran ganin canji a mako guda. Shekara biyu ka yi kana koya musu cewa ba ka yarda da su ba, za su ɗauki lokaci suna gwada ka kafin su saki jiki, wani ma zai makara da gangan ya ga ko tarar za ta dawo. Bayan wata biyu ka shirya tafiya Kano ta kwana biyu, ka bar wa dattijon makulli da kuɗin mai, kada ka bugo waya kana tambayar buhu nawa aka yi. In ka dawo ka duba littafin awo, sannan ka rubuto mini abin da ka tarar, da abin da dattijon ya ce maka a daren da ka je gidansa. Ka gaishe mini da Hajiya.